Baƙar Tocilar da Kowa Ke So Ban da Ni

Gwaggo mai shawara, ina gaisuwa. Don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya in kin ji a kan tocila nake kuka. Ni kaina na san abin dariya ne a ce ƙato da gemunsa, mai mata da 'ya'ya biyu, ya kasa cin abinci saboda tocila. To amma haka abin yake, na rame har wandona ya fara zamewa. Ki yi haƙuri da tsawon surutuna, ban saba faɗar abin da ke cikina ba, in na fara kuma ban san wurin tsayawa ba.

Ina aiki ne a wani babban sito na kayan gyaran injina. Rabin siton a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga ko ɗaya, da rana tsaka ma in wuta ta ɗauke ba ka ganin tafin hannunka. Kantocin ƙarfe ne jere-jere har rufi, sai an taka tsani ake kaiwa ga na sama. Wuta kuwa kin san halinta, janaretanmu kuma tsoho ne, sai ya gama tarinsa kafin ya tashi. Ko da wutar ma, lambar da ke jikin kwali a can cikin lungu ba ta karantuwa sai an haska. Saboda haka tocila a wurinmu ba kayan ƙawa ba ce, kamar almakashi take a hannun tela.

Da can kowa da wayarsa yake haskawa, har ranar da wayar wani ta suɓuce daga saman tsani ta tarwatse. Manaja ya ce ya gaji, za a sayo wa kowa tocila ta gaske, irin ta ƙarfen nan mai farin haske da ake gani a hannun jami'an tsaro. 'Yan kasuwa suka kawo samfuri uku. Sai ya kira ni ofis ya zube mini su a tebur, ya ce ni na fi kowa natsuwa kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba, in je in gwada su, in faɗi wadda ta fi a taron farkon wata, a gaban kowa. Duk wadda na ce ita za a sayo a raba, kuma ba za a sake maganar tocila ba sai bayan shekaru. Na fito ina ta washe baki kamar an ƙara mini girma. Ban san rami na faɗa ba.

Bari in kwatanta miki su, don ki ga ba son raina nake bi ba. Ta farko baƙa ce, ƙarfe tun daga baki har gindi, in ka riƙe ta ka san ka riƙe abu. In ka tsaya a ƙofa haskenta har bangon ƙarshe yake kaiwa, ana kuma iya jan bakinta a tattara hasken wuri ɗaya ko a baza shi. Da igiyar cajin waya ake cajinta. Na sake ta daga sama, ko gezau. Na tsoma ta a bokiti, ta fito tana ci. Ga ta kuma da araha, har na yi zaton kuskuren farashi aka yi. Ta biyu ruwan toka ce, 'yar madaidaiciya, haskenta bai kai na baƙar ba amma ba ya raguwa ko ta daɗe a kunne. Tana da maganaɗisu a gindi, ka manna ta a jikin ƙarfe ka yi aiki da hannu biyu. Sai dai tsadarta ta kusa ninka ta baƙar. Ta uku kuwa rawaya ce ta roba, mai cin batirin kanti, haskenta kamar mai jin barci, ba ya kaiwa layin sama. Da na sake ta ƙasa sai murfinta ya tsage. Abokan aikina tocilar kaka suke ce mata.

Ko yaro aka tambaya zai ce baƙar. To ga matsalar. Makunninta ɗaya ne tak, a gindi. Ka danna, haske mai ƙarfi. Ka sake dannawa, matsakaici. Ka sake, ɗan kaɗan. Ka sake, sai ta kama ƙifce-ƙifce, wal-wal-wal da sauri kamar walƙiya ta haukace, kuma sai ka wuce wannan kafin ta mutu. Wato duk wanda ya kunna ta dole ya bi ta ƙifce-ƙifcen kafin ya kashe. Mai sayarwar har alfahari yake da abin, wai na rikita ɓarawo ne. Ruwan tokar ma tana da shi, amma a ɓoye yake a wani makunni daban, sai ka danne shi ka riƙe kafin ya fito, kuma tana tuna hasken da ka kashe ta a kai. Rawayar ba ta san wannan rayuwar ba, ita kunnawa ce da kashewa kawai.

Gwaggo, ina da farfaɗiya. Ga shi na rubuta. Ban da mahaifiyata da matata da likitana, ba mai ran da ya taɓa jin wannan daga bakina. Ina shan magani ba fashi, na yi shekaru ban faɗi ba, alhamdulillahi. Amma tawa irin wadda haske mai ƙiftawa ke tayarwa ce. Shi ya sa ba na zuwa wurin biki mai fitilun rawa, in motar asibiti ta wuce da fitilarta in kau da kai. Mutane suna ɗauka kamun kai ne ya yi mini yawa, ni kuma na bar su a haka.

Ina saurayi na taɓa faɗuwa a teburin wani mai shayi. Da na farfaɗo, abin da na fara gani shi ne mutane sun yi da'ira can nesa da ni, ba wanda ya matso. Sai mai shayin ya sa leda a hannu ya ɗauki kofin da na sha ya jefa a kwata. Har yau ina jin ƙarar kofin nan. Ranar Mama ta zaunar da ni ta riƙe hannuna tana kuka, ta sa na yi mata alkawari ba zan taɓa gaya wa kowa ba, don kada a guje ni, kada kuma a guji ƙannena mata. Matata ma sai da Mama da kanta ta yarda sannan aka gaya mata kafin aure. A wurin aiki ba a tambaye ni ba, ni kuma ban faɗa ba.

Yanzu ki ji abin da ya faru. A cikinmu akwai wani da muke ce wa Rediyo, don bakinsa ba ya mutuwa. Ba mugu ba ne, wallahi in ba ka da na mota shi zai fara miƙo maka, amma wasa ya yi masa yawa. Ranar da na sauka da tocilolin ƙasa don gwaji, ina saman tsani ina duba ko rawayar za ta iya karanta lamba, sai wuta ta ɗauke. Baƙar na hannun Rediyo. Ya danna, ya danna, har ya faɗa kan ƙifce-ƙifcen. Sai ya ƙwala ihu wai ga disko ya zo sito, ya kama rawa yana kaɗa ta a fuskokin mutane, sauran suna tafi suna buga kwali. Hasken ya yi ta dukan kantocin ƙarfe yana dawowa ta ko'ina, ba inda zan kai idona. Sai na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina kamar na tsotsi makulli, wani abu kuma ya taso daga cikina zuwa ƙirji. Na san wannan baƙon, shi ne mai yi mini sallama kafin faɗuwa. Na toshe ido ɗaya da tafin hannu yadda likita ya koya mini, ɗaya hannun na ƙanƙame tsani, ina ta salati a zuci. A ƙasana kuwa akwatunan ƙarfe ne masu kaifin baki.

Allah ya taimake ni da wani dattijo da ke riƙe makullan sito, Baba Makulli muke ce masa, mutum ne mai tsare gida, ba ya son hayaniya. Ya daka wa Rediyo tsawa, wai wannan shashancin yana sa shi jiri, ya fizge tocilar ya cusa a aljihu. Ya zo ya dafe ƙafar tsanin har na sauko, sannan ya kore ni sama, wai in je ɗakinsa in nemo masa wani makulli. Na je na zube a kan bencinsa har jikina ya dawo daidai. Makullin ma ban same shi ba, da na koma ashe yana rataye a ƙugunsa. Tsufa ya fara taɓa shi, na ce a raina.

Tun ranar sunan baƙar ya koma Disko, kowa ita yake so. Rediyo har ya tsara wai in an raba, duk lokacin da wuta ta ɗauke za su kunna gaba ɗaya. Ki duba fa, Gwaggo, sito guda na mutane, kowa da disko a aljihu, ni kuma a saman tsani.

Na ɗan gwada yabon ruwan tokar a wurin cin abinci, sai na jawo wa kaina. Dama wanda ya kawo samfurinta maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma an taɓa ganin ya rage mini hanya. Nan take Rediyo ya ce ashe mai gaskiya ma ya fara buɗe ido, nawa ne kasona a kan kowace ɗaya. Wasa ya yi, aka yi dariya, amma na ga yadda mutum biyu suka kalli juna. Wallahi ko ruwan sanyi maƙwabcin nan bai ba ni a kan maganar ba. Rawayar kuma in na ce ita, ko dai a ce na zare, ko a ce so nake a makance, kuma da gaskiyarsu, don ni kaina na san ba za ta yi mana aiki ba.

Ga kuma Baba Makulli ya sa ni a gaba, ban san me na tsare masa ba. Tun ranar diskon, da na nufi tsani sai ya ƙirƙiro mini wani aiki a ƙasa ya tura wani. Ya je ya gaya wa manaja wai kada a ƙara hawa sai da mai riƙewa, in kuma hawan nawa ya zama dole, shi ne zai zo ya tsaya yana muzurai. Ya sa an kwashe akwatunan ƙarfe daga layin da nake aiki, ya shimfiɗa tsofaffin kwalaye a wurin, wai ƙasa na da sanyi. Ni da na shekara da shekaru ina hawan tsanin nan! Yanzu har ɗan lelen Baba ake ce mini. Ina jin so yake ya nuna wa manaja na zama rago, ko kuwa yana da wani ɗan'uwa da yake son a ba gurbina. Na daina gaishe shi da kyau, in na hango shi sai in canza layi.

A gida ma ba sauƙi. Matata ta ce in zaɓi ruwan tokar, mai magana ya yi ta yi, ita miji take so ba suna ba, in kuma ba zan iya ba in ajiye aikin. In ajiye mu ci me? Ita ɗinki take ɗan taɓawa a gida, keken ma ya fi daɗewa a wurin mai gyara. Mama kuwa da na je mata da maganar, ko gama ji ba ta yi ba ta ce in ba su abin da suke so, in an kunna in runtse ido, alkawari dai yana nan. Na ce mata runtse ido ba ya hanawa, hasken yana ratsa fatar ido. Sai ta fara hawaye, ta ce so nake in tona mata asiri da tsufanta. Na tashi na tafi.

To kin ji inda nake. In na ce baƙar, na faɗi abin da kowa ya gani da idonsa, na kuma sayo wa kaina faɗuwa daga saman tsani. In na ce ruwan tokar, sunan da na yi shekaru ina tarawa ya zube, a ce an saye ni. In na faɗi dalilina na karya alkawarin mahaifiyata, kuma wa zai bar mai farfaɗiya a sito mai tsani? Ina hango yadda za a ware mini kofi a wurin shan ruwa. Tocilolin nan suna cikin jakata, kullum in kai su in dawo da su, ko buɗe jakar ba na son yi. Ɗana ƙarami ya taɓa zaro baƙar zai yi wasa, na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba, ya wuni yana ɓuya a bayan uwarsa. Ina jin tsoro, Gwaggo, kuma na gaji. Ji nake kamar an kulle ni a ɗakin ƙasan nan an tafi da makulli. Taron ya matso. Don Allah wacce zan ce?

Naki,
Mai Jakar Tocila

Ɗana Mai Jakar Tocila,

Ban yi dariya ba. To, na ɗan murmusa a wurin tocilar kaka, don irinta ce a ƙarƙashin matashina, amma daga nan ban ƙara ba. Sannu. Ka daɗe kana ɗauke da kayan nan, kuma rubuta kalmar nan da ka yi ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Mu fara da tocilar, tunda ita ka tambaya. Kai ka ɗauka gaskiya tana wurin baƙar, son ranka yana wurin ruwan tokar. Ban yarda ba. Manajanka bai ce ka nemo wadda ta fi haske ba, cewa ya yi wadda ta fi, wato wadda ta fi dacewa da aikinku. Ku ba ɓarayi kuke kora ba, lamba kuke karantawa a saman tsani. Tocilar da ba ta mutuwa sai ta yi wal-wal a idon wanda ke tsaye a sama tana da aibi ko ga mai lafiya garau, domin kowa ido na iya ɗauke masa ƙafa ta zame. Wannan ba dabarar ɓoye ciwo ba ce, magana ce da za ka faɗa a gaban kowa ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Amma ka yi wa baƙar adalci, ka faɗi ƙarfinta da juriyarta da sauƙin kuɗinta yadda ka faɗa mini. Abokan aikinka ba su yi laifi ba da suka so ta, mutanen da suka gaji da lalube a duhu dole su yi murna da haske.

Akwai gwajin da ban ji ka yi ba. Kunna su tare ka ajiye, ka je ka yi wani aiki ka dawo. Da yawa daga masu arahar nan haskensu na farkon kunnawa ne, da sun ɗauki zafi sai su dusashe, lambar ƙarfin haske da aka buga a kwali kuma ba rantsuwa ba ce. Ka ce na ruwan tokar ba ya raguwa, to duba ko baƙar za ta iya haka, in za ka kashe ta kuma ka kife bakinta a kan tebur tukuna. Ka tambaya ko batirinta yana cirewa a sauya, domin tocilar da batirinta ke liƙe a ciki, ranar da ya mutu ita ma ta mutu, araha ta koma tsada. Ka sa maganaɗisun nan ma a ma'auni, hannu biyu a kan tsani ba ƙaramin abu ba ne. Sannan wa ya ce tocila uku ce kaɗai a duniya? Akwai masu ƙarfi da aka yi don masu aikin hannu, ba su da disko sam. Ka nemi a kawo samfuri na huɗu.

Maganar maƙwabci kuwa, riga su faɗa. Ka buɗe bakinka a taron da cewa mai ruwan tokar maƙwabcinka ne, don haka in ita aka zaɓa a sayo ta a wurin wani daban, kai ba ruwanka da cinikin. Maƙwabcin zai ɗan ji haushi ya huce. Rediyo kuma ka ƙyale shi, irinsu in aka ɗauke musu abin zolaya sai su nemi wani.

Amma ɗana, in na tsaya a nan na cuce ka. Ko an sayo wadda kake so, gobe wani zai zo da tasa diskon daga gida, ko doguwar fitilar rufi ta lalace ta kama ƙiftawa. Ba za ka iya zaɓar wa duniya fitila ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ka ji alamar faɗuwa kana saman tsani, a cikin mutanen da ba a taɓa gaya wa abin da za su yi ba. Da ka faɗi, da wani ya tura maka cokali a baki, wani ya danne ka, wani ya kwara maka ruwa, duk da kyakkyawar niyya, kuma duk kuskure ne. Abin da ake yi shi ne a janye duk abin da zai ji maka ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a sa komai a baki, in jijjigar ta lafa a juya ka gefe, in ta ƙi tsayawa ko ka ji rauni a nufi asibiti. Ba a ɗaukar farfaɗiya a kofi, ba a ɗaukarta a yawu, mai shayin nan asarar kofinsa kawai ya yi. Ni ba likita ba ce, don haka kafin taron nan ka koma wurin naka, ka gaya masa abin da ka ji ranar, ka tambaye shi maganar hawan tsani ƙarara. Kafin ya ba ka amsa, ƙafarka a ƙasa.

Kada ka ga laifin Mama. Ita ma ƙarar kofin nan take ji har yau. Ta karɓi alkawarin ne don ta tsare ka, a lokacin da ba ta da wani abin tsare ka da shi. Yanzu kuwa alkawarin ne ke hawa da kai tsani. Koma wurinta tare da matarka, ba da maganar tocila ba, ka ba ta labarin akwatunan ƙarfen da ke ƙasanka ranar. Ka ce ba shela za ka yi ba, izinin mutum ɗaya ko biyu kake nema, waɗanda za su tare ka. Uwar da ta yarda aka gaya wa matarka saboda ita ke kwana kusa da kai, za ta gane cewa akwai kuma inda kake wuni.

Game da manaja, ba zan yi maka ƙarya in ce ba abin da zai faru ba. Akwai iyayen gidan da za su gyara maka aiki, akwai waɗanda za su nemi hanyar rabuwa da kai, tsoronka ba na banza ba ne. Shi ya sa ban ce ka miƙe a taro ka faɗa ba. Ka fara jin ta bakin likita, ka bincika abin da dokar aiki ta wurinku ta tanada, sannan ka same shi shi kaɗai, tare da wanda zai tsaya maka. Mutumin da ya zube maka tocila uku ya ce duk abin da ka faɗa ya yarda, ba jiya ya fara ganin amfaninka ba. Kuma aikin sito ba hawan tsani kaɗai ba ne.

Wanda zai tsaya maka kuwa, ai kai ka rubuto mini shi da hannunka, sai dai fushi ya hana ka karanta abin da ka rubuta. Haba ɗana! Dattijon da ya tsufa da makullan sito a hannu ba ya manta makulli a ƙugunsa. Aiken ƙarya ya yi maka don ka sami benci da iska ba tare da kowa ya lura ba. Jirin da ya ce yana ji, naka ne ya ɗauka ya ɗora wa kansa. Mai neman gurbinka ba ya riƙe maka tsani, barinka zai yi ka hau. Kuma mutum ba ya kwashe ƙarfe ya shimfiɗa kwali a inda wani ke aiki sai in ya taɓa ganin yadda ake irin faɗuwar nan, wataƙila a cikin gidansa, a kan wanda yake ƙauna. A duhun nan kowa disko yake kallo, shi kuwa hannunka ya gani a kan idonka. Ya sani, ko dai ya yi zato mai ƙarfi, kuma bai gaya wa kowa ba, kai ma bai gaya maka ba don kada ya kunyata ka. Kai kuma kana nan kana canza layi.

Ka fara da rarrashin ɗan ƙaramin nan naka, bai san laifin da ya yi ba. Gobe da safe kuma, kafin ka buɗe jakar tocila, ka wuce ɗakin makullai ka gaishe da Baba gaisuwa ta gaske. Ba sai ka faɗi kalmar ba tukuna, wannan sai Mama ta sake ka. Ka ce masa kawai ka gode da kwalayen. A wasiƙarka ka ce ji kake an kulle ka an tafi da makulli. Ba a tafi da shi ba, ɗana, yana rataye a ƙugun mutumin da ka daina gaisarwa.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya zuciyar Mama, ya bar ka da aikinka da mutuncinka.

Gwaggonku